Akwatin Gasa Ganga

Duk wanda ya shigo ofishin nan neman koyon aiki, na lura da inda idonsa yake fara sauka. Kan kwamfuta ne, sai hoton nan na bango da muka ɗauka a gaban rumfar Najeriya a baje kolin duniya, kowa da babbar riga yana washe baki. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa sana'ar Malam Sabo ba wata aba ba ce: a buga takarda a kai Abuja, a tara makaɗa, a hau jirgi. Har wani ya taɓa ce min, "Malam, ai yanzu ko da waya ma ana iya yi." Ban yi masa musu ba. Na dai ce ya sauke ƙafarsa daga kan akwatin katakon da ya mayar abin miƙe ƙafa, don akwatin nan ya girme shi a aiki.

Sana'ata shirya wasa. Ba na kiɗa, ba na waƙa, ko tafi na yi sai an ce na ɓata wa mutane. Aikina shi ne in tabbatar mai kiɗa ya zo, ya ci abinci, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya fara a lokacin da aka ce. Sannan ya daina. Wannan na ƙarshen shi ne rabin sana'ar, kuma ba a koyonsa a kwamfuta.

A hannun Alhaji Garba Mai Lasifika na koya, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai na yi a bayansa, uku na farko ba abin da nake yi sai hawa bishiya in ɗaura lasifika da ɗaukar batir a ka. Da ya ga ban gudu ba, sai ya ba ni kayan aiki guda uku. Agogo, wanda ya ce kada in yarda da na kowa sai shi. Igiya mai ƙulli-ƙulli ta auna fili, don ka san rawar mutum goma sha biyu taku nawa take ci kafin ka jera kujerun manya. Na ukun damin karan dawa ne. Da na yi dariya sai ya ce, "Yi dariyarka, Sabo. Ran da ka manta da shi za ka ga taro ya zama zaman makoki."

Gangar fata ba ta son sanyi ko laima. Idan ta kwana, ko aka yi yayyafi, fatar sai ta saki, ka buga ka ji kamar ka doki buhun dusa. Maganinta wuta. A bayan rumfa ake hura ɗan kara, makaɗi ya riƙe gangar daga nesa yana juyawa, yana ɗan taɓawa da yatsa, har muryarta ta tashi. Minti uku ne ko huɗu. Ni ne mai hura wutar nan shekara da shekaru.

Na tuna wani taron manoma a Dagauda, babban baƙo ya makara awa uku. Duk lokacin da aka hango ƙurar mota sai a ce ga shi nan, a gasa ganguna, sai ta zama motar hatsi. Sau huɗu muna yi har karana ya ƙare. Da ainihin motar ta bayyana, na waiwaya hagu da dama, na zare kara daga darnin wani bawan Allah da ke kusa da filin. An yi taro lafiya, an tafa. Washegari Alhaji Garba ya ɗora ni a bayan babur ya mai da ni Dagauda, ya zauna a inuwa yana cin goro, ni kuma na yini ina gyaran darni, mai gidan yana tsaye a kaina yana nuna min inda ban ɗaure da kyau ba.

Masu ba mu aiki kuwa iri-iri ne. Akwai uban biki da zai ce mawaƙinsa kada a tsayar da shi ko da gari zai waye. Akwai jami'in da zai ce ya ba ka minti biyar, sai ya cinye huɗu da gabatar da kansa. Akwai wanda zai kira ka ana gobe taro ya ce yana son "al'ada", ka tambaye shi wace iri, ya ce kai ne ka sani. Duk na iya da su. Abin da ban iya da shi ba shi ne shekarar da aka hana taro saboda annoba. Kujeru suka yi ƙura, janareto ya yi tsatsa, ɓeraye suka shiga ɗakin ajiya suka cinye fatun ganguna biyar da aka ba ni amana. Makaɗana suka watse, wasu gona, wasu acaɓa. Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, Baba Ɗanjuma na Udubo, mai gangar noma. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta ofis, ya ajiye min ɗan ƙunshin wake ko gero, ya zauna a kan benci ya ce, "Yaron Mai Lasifika, har yanzu duniya ba ta buɗe ba?" In ce ba ta buɗe ba. Ya ce, "To, za ta buɗe," ya tashi ya tafi.

Baba Ɗanjuma tsoho ne dogo, siriri, mai ƙarancin magana. Gangarsa ta ubansa ce, fata kawai ake canja mata. Da ita ake fita gayya, yana kaɗawa yana kiran sunan kakannin manoma, har ka ga ragon da ba ya iya kunya biyu ya bar mutane a baya. Shi kansa manomi ne, gonarsa ɗaya ce, ta gero da wake, ita ke ciyar da gidansa.

Shekaru kaɗan bayan duniya ta buɗe na ga sanarwar a jarida. Ana neman wanda zai gudanar da shirin al'adu a rumfar Najeriya, a wani babban baje koli da ƙasashe ke haɗuwa, can wata ƙasa mai nisa. Na sayi kundin sharuɗɗan, kaurinsa ya kai bulo. Ku da kuke ganin buga takarda ne, ku saurara. Ambulan biyu ake kaiwa, ɗaya na bayanin aiki, ɗaya na farashi, idan ka haɗa su wuri guda an jefar da kai tun kafin a karanta sunanka. Sai takardar rajista, takardar haraji, shaidar ayyukan da ka taɓa yi, sunan kowane mai wasa da hotonsa. Akwatin da ake jefawa ƙarfe sha biyun rana ake rufe shi. Na ga mutum da idona ya iso da minti biyu a kai, ya taho tun daga Fatakwal, mai gadi ya ce masa sai dai haƙuri.

Na san ba zan fi kamfanonin Legas da Abuja fitilu da ƙyale-ƙyale ba, saboda haka na tsaya a kan abin da nake da shi. Na sa gangar noma a tsakiyar shirin. Na kewaye ta da matan Shira masu kiɗan ƙwarya, shugabarsu Inna Talatu, da Fulani biyu masu sarewa. Da yake shirin na ƙasa ne baki ɗaya, ina bukatar 'yan kudu. Nan Oga Emeka ya shigo, mai shagon kayan lantarki a bakin kasuwa, wanda ya fi shekara talatin a Azare, Hausarsa har da karin magana. Shi ya haɗa ni da masu rawa na garinsu, masu kiɗa da ƙarfe da gungumen ice da tukunya. Sai sa hannu. Kowane shafi na kundin nan ana so ka sa hannu a ƙasansa ka buga hatimi. Na karanta goman farko da kyau. Sauran kuwa na bi su ne kamar mai ɓarar gyaɗa.

Wata biyu bayan haka aka kira ni. Cikin duk waɗanda suka nema an ware uku, ina ciki, za mu je Abuja kowa ya nuna wasansa na minti talatin a gaban kwamiti. A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na hau babur na tafi Udubo da zafina, na sami Baba a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, na ce, "Baba, an gama. Sai shirin tafiya."

Ya ɗago ya ce, "An gama, ko ana kan gamawa?"

Na ce, "An gama, Baba. Abin da ya rage al'ada ce kawai."

"Wane wata ne tafiyar?"

Na gaya masa. Damina ce tun daga noman farko har gero ya nuna. Ya dubi ƙasa, sannan ya ce to. Kafin mako ya zagayo ya kira surukinsa Malam Buba, mijin babbar 'yarsa, a gaban mai unguwa, ya ba shi aron gonar na shekarar. Ku 'yan birni ba ku san nauyin wannan ba. Gonar da aka ba da aro, mai aro ya share, ya zuba takinsa, ba a karɓarta a shekarar ko sama da ƙasa za su haɗu. Balle daga hannun suruki. Wato idan tafiya ta fasa, Baba ba jirgi, ba gona, kuma maganata ce ta jawo.

Saura kwana huɗu mu tafi Abuja na tara kowa a filin wata makaranta da safe, mu gwada shirin da agogo. Baba ya sauke gangarsa, ya zaro ɗan kara, ya ƙyasta ashana. Ko da zafi ake yi ba ya kaɗa ta sai ya nuna mata wuta. Ina tsaye ina kallonsa, raina fes, hayaƙin yana tuna min da Alhaji Garba. Sai wani abu ya faɗo min a rai. Na bar su a filin na koma ofis na buɗe kundin. Shafi na arba'in da ɗaya. Ba a yarda da harshen wuta ko hayaƙi ba, ko na turaren wuta ne, a cikin rumfa ko kewayenta, kuma dokar ta fara aiki tun daga ranar gwaji, wanda ya karya an cire shi. Mai nema ya tabbatar shirinsa ba ya bukatar wuta. A ƙasa ga sa hannuna, ga hatimina, an buga shi sosai har ya huda takarda. Ni da na shekara bakwai ina ɗaukar kara.

Na fara da hanya mai sauƙi. Akwai ganguna na zamani masu fatar roba, ba ruwansu da sanyi. Na aro ɗaya na kai wa Baba. Ya karɓa da ladabi, ya juya ta, ya ɗan buga sau biyu, ya miƙo min.

"Sabo, wannan bokiti ne. A kai wa mata su ɗebi ruwa."

"Baba, na kwana ɗaya ne."

"In bokiti suke so, me ya sa ka zo Udubo?"

Daga nan shagon Oga Emeka na nufa, Baba yana biye da ni da gangarsa a rataye. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Malam Sabo, zafi kake nema, ba wuta ba. Zafi kuwa shi nake sayarwa." Ya fito da na'urar busar da gashi ta mata. Ta yi ƙara kamar injin niƙa, kuma wuri ɗaya take dafawa, Baba ya janye gangarsa tun ba a je ko'ina ba. Ya fito da dutsen guga. Kallon da Baba ya yi masa kawai ya sa ya mayar da shi cikin kwali. Muna nan zaune sai matar Oga Emeka ta leƙo daga bayan shago ta ce a rage hayaniya, ana firgita mata 'yan tsaki. Kiwon kaji take yi a baya. Oga Emeka ya miƙe ya ce mu biyo shi. Ga 'yan tsaki sun taru a cikin wani keji, ƙwan lantarki irin na da, mai jan haske, yana rataye a kansu. Ya kama hannun Baba ya kai kusa da shi.

Baba ya ce, "Da ɗumi."

Oga Emeka ya ce, "To in guda ɗaya ya riƙe 'yan tsaki, shida ba za su riƙe akuyar da ta riga ta mutu ba?"

A ranar kafinta ya haɗa akwatin nan da kuke gani. Katako ta gefe uku, an lulluɓe cikinsa da kwanon rufi don ya riƙe zafi, ƙwai shida a jere, gaba a buɗe inda za a kara fuskar ganga. Muka kunna, muka kara, ganga ta yi magana. Na fara murna. Baba ya ce, "Kada ka yi murna. A Azare a watan nan ko a kan dutse ka ɗora ta za ta yi magana. Ba ka gwada komai ba." Oga Emeka ya ce a shafa mata jiƙaƙƙen tsumma a gani. Baba ya rungume gangarsa ya ce wanda ya sa mata ruwa da gangan su haɗu a lahira. Haka muka ɗora akwatin a bas ba mu san ko yana aiki ba.

Mun bar Azare rana kamar ta fasa kai. Muna gangarowa daga Jos ruwa ya tare mu, don can damina tana riga tamu sauka. Har Abuja ana tsuga shi. Washegari da hantsi muka shiga zauren gwajin, na'urar sanyi tana hurawa kamar an buɗe firji. Sauran kamfanoni biyun sun riga mu, da kwat da fitilu masu juyawa da gangunan roba suna ƙyalli. Baba ya kwance tasa daga cikin zane ya taɓa. Bub. Ya sake taɓawa. Bub. Mutanensa uku, masu yi masa rawar fartanya, suka dubi juna.

Ya jawo ni gefe, ya buɗe bakin jakarsa. Kara ne a ciki, an yayyanka shi gajeru-gajeru an ɗaure. Ɗayan hannun yana cikin aljihu, ina jin ƙarar kwalin ashana.

"Minti uku, Sabo. A bayan ginin nan. Ba wanda zai gani."

Na nuna masa wani mutum mai rigar ɗorawa a bakin ƙofa, jami'in kula da gobara, wanda ba abin da yake yi sai shaƙar iska da zagaye. Na ce, "Baba, in ka ƙyasta, an cire mu."

"In na kaɗa ta a haka, ni na cire kaina. Ubana bai taɓa fita da ita tana mura ba."

"Ka ba akwatin nan dama."

"Wutar da ba ta da hayaƙi?"

"Don Allah, Baba."

Ya zauna a ƙasa a bayan labule, hannunsa ɗaya har yanzu a aljihu. Na jona akwatin. Ƙwai shida suka kama, sai ga mai rigar ɗorawa a kaina. Mene ne wannan? Ba ya cikin jerin kayan da na rubuta. Ya zare wayar daga bango, ya tafi ya kirawo shugabar kwamitin, wata Hajiya mai furfura da tabarau a kan karan hanci. Na yi tunanin ƙarya guda biyu, duk ba su da ƙafa. Sai na faɗi gaskiya. Na ce, "Ranki ya daɗe, na sa hannu cewa shirina ba ya bukatar wuta, alhali gangar fata ba ta magana sai an gasa ta. Mantawa na yi. Wannan shi ne abin da muka haɗa a madadin wutar, kuma ban san ko zai yi ba."

Ta sunkuya ta leƙa cikin akwatin, ta daɗe tana kallo. Ta tambayi jami'in ko akwai harshen wuta. Ya ce babu. Hayaƙi fa? Babu. Ya duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya, aikin Oga Emeka kuwa ba a kushe shi. Ta ce, "To, a mayar masa da wayar. Amma Malam, lokacinka ba zai jira gangarka ba. Yanzu za ka fara, minti talatin, ko da ita ko babu."

A tsarin da na rubuta gangar noma ce ke buɗewa. Nan take na kifar da shi. Na tura masu sarewa, don sarewa ba ruwanta da sanyi. Bayansu mutanen Oga Emeka, ƙarfe da ice da tukunya, suka girgiza dandamali. Ni kuwa ido ɗaya a agogo, ɗaya a bayan labule. Baba ya kara gangar a bakin akwatin yana juyawa a hankali. Minti goma, ya taɓa, ya girgiza kai. Minti goma sha biyar, na tura Inna Talatu da matanta. Minti goma sha takwas, ya taɓa, ya girgiza kai, hannunsa ya koma aljihu. Waƙar matan ta zo ƙarshe. Ni da na ƙare rayuwata ina ɗaga wa mawaƙa hannu su daina, ranar na tsaya a gefen dandamali ina juya yatsa ina roƙon a ci gaba. Inna Talatu ta harare ni, ta gane, ta ɗauko wata waƙar daka ta tsofaffi da ba mu taɓa gwadawa ba, ta riƙa ja mata baiti. Daga baya ta ce min rabin baitocin a nan ta ƙirƙire su, kuma biyu daga ciki zagina ne.

A minti na ashirin da biyu na ji wani sauti daga bayan labule, siriri, tsaf. Na juya. Baba ya kara kunnensa a fatar, ya sake taɓawa. Ya miƙe tsaye ya rataya gangar. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya kama hannuna, ya danƙa min kwalin ashanar, ya ce, "Riƙe min."

Ba zan iya kwatanta muku minti takwas ɗin nan ba, ni ba mawaƙi ba ne. Mutanensa uku suka sunkuya da fartanyoyi a kan dandamalin katako kamar suna tsakiyar kunya, shi kuma ya saki ganga. Tagogin zauren suka ɗauki amo. Ya kira manoman Katagum da kakanninsu, waɗanda ba wanda ya san su a ɗakin nan, amma na ga ƙafar Hajiya tana motsi a ƙarƙashin tebur. Mai rigar ɗorawa ma kafaɗunsa suka ci amanarsa. Da agogo ya cika na ɗaga hannu, ban san ko zai tsaya ba, don ban taɓa ganin an tsayar da Baba Ɗanjuma da hannu ɗaya ba. Ya buga sau uku ya tsaya cak. Na zauna a kan akwatin, na manta da zafi, sai da ya ƙona ni na tashi.

Aka ce mu tafi za a rubuto mana. Mako ɗaya, biyu, uku, har na daina ƙirgawa. Ruwa ya sauka a Katagum, ƙasa ta jiƙa, mutane suka fita shuka, takarda ba ta zo ba. Ranar kasuwa biyu Baba bai biyo ta ofis ba, ni kuma ban da fuskar zuwa Udubo. Ran wata Talata da hantsi takardar ta iso. Na karanta ta sau uku, har shafin baya da ba a rubuta komai ba, sannan na hau babur.

Ban same shi a gida ba, aka ce yana gona. A bakin gonar na tarar da shi, zaune a gindin wata aduwa, ya miƙe ƙafafu. Malam Buba yana can ciki da sungumi yana sara, 'ya'yansa suna bi suna zuba iri. Mai gona yana zaune yana kallon wani yana shuka masa ƙasa. Na yi sallama, na durƙusa, na miƙa masa takardar. Bai karɓa ba.

"Ni ba na karanta boko. Za mu ko ba za mu ba?"

"Za mu, Baba."

"An gama, ko ana kan gamawa?"

"An gama. Ga hatiminsu."

Ya ce alhamdulillahi, a hankali, kamar mai gudun kada wani ya ji. Ya daɗe yana duban masu shuka. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shekaranjiya na aika wa Buba da mai unguwa. Na ce in tafiyar ta fasa, ya ɗauke ni ƙwadago a noman farko. Ya ce ba zai iya ba, kunya. Na ce kunya ba ta cika rumbu. Jibi ne ya kamata ya ba ni amsa."

Tsohon da ya aurar da 'ya, zai sunkuya a gonar ubansa yana yi wa surukinsa ƙwadago, saboda wani mai babur ya zo ya ce masa an gama. Kuma bai taɓa aiko min da ko kalma ɗaya ba. Na laluba aljihu na fito da kwalin ashanarsa, don tun daga Abuja yake tare da ni, na miƙa masa. Ya tura hannuna baya.

"Bar shi a wurinka. Duk ran da bakinka ya yi maka ƙaiƙayi, ka taɓa shi."

Ya yunƙura ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗaga murya ya ce, "Malam Buba, a ci gaba da aiki. Maganar nan ta mai unguwa, a bar ta." Malam Buba ya cire hula daga nesa, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da sara.

Mun je, mun yi watanninmu, akwatin yana aiki sau uku a rana, ƙwai kawai ake canjawa. Har masu ganguna na wasu ƙasashe suka riƙa zuwa aro. Wannan duk labarin hoto ne, kuna iya kallonsa a bango. Wanda yake son aikin nan kuwa, ga kundin can a kan kanta, ya ɗauko ya fara daga shafi na ɗaya, da babbar murya, ina ji. Idan ya kai ƙarshe bai tsallake ko layi ba, zan buɗe masa aljihun teburin nan ya ga ashanar. Ƙwaya goma sha ɗaya ce a ciki, ba a taɓa ƙyasta ko ɗaya ba.